A Mayar Wa Yaro Da Gayaunarsa

Ranar Talatar da ta wuce na shiga gaida wata 'yar uwa a nan Azare, na tarar ruwan gidan ya ƙare. Ta ƙwala wa ɗanta kira, yaron da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, ta miƙa masa jarka ta ce ya je burtsatsen bakin layi. Ko ɗago kai bai yi daga wayar da yake latsawa ba, ya ce, "Umma, nawa za ki ba ni?" Na jira in ji tsawa, sai na ga ta jawo jaka ta zaro naira ɗari. Ya ce ai jiya ɗari biyu aka ba shi. Aka yi ciniki a gabana har aka daidaita a ɗari da hamsin. Ruwan nan kuwa shi zai fara sha, da shi za a dafa tuwon da zai ci.

Tun ranar abin yake ci mini rai. Na tambayi malaman firamare biyu da muke sallar magariba tare, suka ce wannan ai ya zama ruwan dare, har suna gare shi, kuɗin aike. Kai niƙa da farashinsa, sayo kalanzir ko gawayi da nasa, canjin da ya rage kuma ba a ma tambayarsa.

Aikin gida ba a biyansa. Shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa, kai markaɗe, zuba wa dabbobi dusa, goyon ƙani, duk haƙƙin zama ne a cikin gida, kowa da nasa kason, daga maigida har autan yara. Ranar da ka sa wa shara farashi ka gaya wa ɗanka cewa shi ɗan ƙwadago ne a gidan ubansa, kuma ɗan ƙwadago yana da damar cewa yau ba ya yi. Wasu za su ce Turawa haka suke yi don yaro ya san darajar kuɗi. Mu ma muna da hanyarmu, kuma ta fi wannan nisa.

 A ƙasar Katagum, daga Madara zuwa Cinade, daga Gamawa zuwa Shira, tun kafin a dawo da fadar sarki daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, yaro yana tashi ne da gona biyu a kansa. Akwai ta gandu, wadda kowa yake shiga da sassafe a yi ta noma har azahar, ba wanda ake ba ko anini, domin abin da ta bayar rumbun gida yake shiga. Sannan akwai gayauna, ɗan yankin da uba yake yankar wa ɗansa a gefe, ya riƙa zuwa da yamma da kuma ranar Juma'a. Abin da ya fito daga gayauna nasa ne, halak malak.

Tawa wani ɗan siririn fili ce kusa da wata kuka. Gyaɗa na shuka. A shekarar farko kurege ya tone mini kusan rabin irin, na zo gida ina hawaye, Baba bai ce uffan ba sai da na yi shiru, sannan ya ce, "To gobe sai ka yi sammako ka riga shi." Da kaka ta yi na tuge, na shanya, na ɓare da hannuna har yatsuna suka yi kanta. Ina ɗaukar buhun zan nufi kasuwa Baba ya tsayar da ni a zaure ya ce, "Ka cire iri tukuna." Ya sa na auni tiya biyu na kai wa Inna ta adana mini a tulu da toka. Sauran na sayar, na ɗinka rigar Sallah, abin da ya rage na haɗa da kuɗin roron gyaɗa da muke yi a gonakin da aka gama tuga, na sayi 'yar akuya. Ba wanda ya zaunar da ni ya karantar da ni jari da riba. Cire irin nan ya koya mini. Ita kuwa yayata da kaza guda ta fara, wadda kakarmu ta ba ta. Ƙwai ba a ci, sai dai a sa wa kaza ta kwanta a kai, tsaki su zama kaji, kaji su zama tunkiya. Kowannenmu kuma da asusunsa na laka a binne a ƙuryar ɗaki, ba a fasawa sai jajiberin Sallah.

Yaron da ya tashi a haka ya san aiki iri biyu ne, wanda ake yi don gida da wanda ake yi don aljihu, kuma ba ya haɗa su. Mu yau mun rushe duka biyun. A gidan mai hali yaro yana karɓar lada a kan aikin gida, ga kuɗin tara kullum safiya, bai taɓa samar da naira ɗaya da guminsa ba. Ran da aljihun uba ya yi sanyi kuwa, bakin yaro ya riga ya saba, sai ka ji murfin tukunya ya ɓata, tsohuwar fanka ta yi ƙafa, sun tafi a kurar ɗan jari-bola. Ku da kuke karɓar ƙarfe daga hannun yaro ɗan shekara tara ba tare da kun tambayi inda ya samo ba, ku ji tsoron Allah.

A gidan marar hali kuma abin ya fi muni, kuma a nan ne raina yake ɓaci sosai. Ku je tashoshin motar da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri da misalin ƙarfe goma na safe, lokacin da ya kamata kowane yaro yana aji, ku ƙirga 'yan matan da ke zagaya motoci da farantin dafaffiyar gyaɗa, awara da ruwan leda. Ku koma bayan isha'i, suna nan. Talla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan yaran da ke fita da kaya, da yadda ribar take tafiya wajen tara wa yarinya kayan ɗaki. Wato ko a tallar da, yarinya tana da abin da za ta nuna ta ce wannan gumina ne. Yanzu fa? Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, cinikin yarinya ya koma cefanen gida kai tsaye. Ita ke kawo kuɗin masara, ita ke kawo na magi, in naira ɗari biyu ta ɓace a lissafi kuma ta kwana da shatin bulala. Na san ana cikin matsi, ba wanda bai ji a jikinsa ba. Amma ciyar da gida wajibin uba ne, ba na 'yar shekara goma ba, kuma magidancin da yake zaune lafiyarsa ƙalau a teburin mai shayi yana jiran farantin 'yarsa ya dawo ba shi da wani uzuri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma dole ne. Dolen nan a takarda ta tsaya.

Wani zai ce gonakin bakin gari duk an yanka su fuloti, ina za a samo gayauna a cikin Azare? Ba sai ƙasa ba. Tattabaru biyu a bayan ɗaki, ko zomaye, ko 'yar tunkiya da za a kiwata zuwa layya. Dogon hutu a shagon tela, ko wajen mai gyaran waya, ko mai walda, da sharaɗin ba ya taɓa lokacin boko da na Islamiyya, kuma ɗan abin da maigidan shago ya ba shi a hannunsa zai zauna. Kuɗin tara ma a daina miƙa shi kullum. A ba shi na mako gaba ɗaya ranar Litinin, in ya cinye kafin Laraba ya ji yadda Alhamis take, kada uwa ta bi ta bayan fage ta cike masa.

Sannan iyaye mu daina cin amanar yara. Yaro ya yi yawon Sallah gida-gida, kawu ya ba shi, gwaggo ta ba shi, ya dawo da 'yan sababbin takardu yana ƙirgawa yana sake ƙirgawa, sai a ce, "Kawo in ajiye maka." Shi ke nan, ba zai sake ganinsu ba. Da haka muke koya masa cewa ajiya asara ce, gara ya kashe tun a hanya kafin ya iso gida. Duk wanda ya karɓi kuɗin Sallar ɗansa bana da sunan ajiya, ya zauna ya lissafa ya mayar masa. In babu su a hannu, ya kira yaron ya gaya masa gaskiya cewa bashi ne, ya sa masa ranar biya, ya kuma cika.