Lafiya Uwar Jiki: Suna ɗaya, ƙarfi dabam

A asibitin Magariya da gidajen likita na Dungas, yakan faru mai ba da magani ya tarar abin da lokotoro ya rubuta babu shi, sai ya ba da makwafinsa. Musanya ba laifi ba ce, muddin an yi ta da lissafi.

Ga misalin bitamin A, wanda Nijar ta fara raba wa yara tare da rigakafin shan inna a 1997. Shuɗiyar ƙwaya awo 100.000 ce, ta jariri mai wata 6 zuwa 11. Ja kuwa awo 200.000, ta yaro mai shekara 1 zuwa 5. In shuɗiya ta ƙare, ma'aikacin lafiya yakan yanke bakin ja, ya ɗiga wa jariri rabinta kawai. Mai ciki ba a ba ta ko ɗaya, don kada ɗan tayi ya cutu.

Haka asid folik. Na masu ciki, mai haɗe da maganin ƙarin jini, miligiram 0,4 ne. Akwai kuma na miligiram 5. Shan na biyun kullum yana rage ƙarfin Fansidar, wanda ke kare mai ciki daga masassarar cizon sauro.

Mai tallar magani a faranti bai san wannan lissafi ba. Saboda haka magidancin da aka musanya wa magani ya tambayi abu uku kafin ya biya: ƙarfinsa nawa, sau nawa a yini, har kwana nawa. Matambayi ba ya ɓata.