Wa Ya Cancanci Girma A Ranar Yaye Ɗalibai?

Kwanakin baya aka gayyace mu bikin yaye ɗalibai a wata jami'a, don akwai yaran lardinmu cikin waɗanda suka gama. Taro ya yi taro. An kafa rumfuna, sarakuna sun zo da dogarawansu, malaman jami'a sun shigo a jere cikin rigunansu masu launi iri iri. Da aka zo kan manyan baƙi waɗanda za a ba digirin girmamawa sai wuri ya ruɗe da kiɗa da busa, aka karanta tarihin kowannensu tun daga haihuwa, har rana ta take. Sa'an nan can wajen ƙarshe, lokacin da rabin jama'a sun fara neman takalmansu, aka kira yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a wannan shekara. Aka miƙa mata takarda da ɗan ambulan, aka tafa sau biyu, ta koma ta zauna. Mahaifinta yana bayan rumfa a tsaye, ba a ko ba shi kujera ba.

Tun daga ran nan abin ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo maganar gaban 'yan'uwanmu malaman makaranta da akawunan ofis, gama su ne iyayen yawancin yaran nan, su ne kuma suka fara koya musu baƙi da wasali. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar yaye ɗalibai ranar ɗalibai ce. In aka mai da ita ranar wasu, to, an koya wa ƙannensu darasi mummuna, watau cewa karatu ba shi ne hanyar samun girma ba.

Bari mu fara da bayanin abin da ake nufi da daraja ta ɗaya, don ba kowa ya san wuyarta ba. A yawancin jami'o'in ƙasar nan ana auna ƙoƙarin ɗalibi da ma'auni wanda iyakarsa 5.00. Kowane darasi da ya ɗauka tun daga shekarar farko ana ba shi maki, a haɗa duka a fid da matsakaici. Wanda ya sami 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ce babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, ƙasa da haka kuwa daraja ta uku. Ashe ke nan ba jarrabawa guda ce mutum zai yi sa'a ya haye ba. Tilas ne ya riƙe ƙwazonsa shekara huɗu, ko biyar ga masu koyon aikin injiniya da aikin lauya, ko ya yi ciwo, ko an yi masa rasuwa, ko guzuri ya ƙare. In ya yi sakaci zango ɗaya, da wuya ya cike giɓin. Ga kuma abin da ba laifinsa ba. A shekarar 2022 malaman jami'o'in Gwamnati sun yi yajin aiki tun daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cif yara suna zaune a gida. Yaron da ya dawo bayan wannan zama hankalinsa bai rabu da littafi ba, lalle ya ci zomo ya ci gudu.

Girmama mai karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, ba kuwa Turawa suka kawo mana shi ba. Tun kaka da kakanni in yaro ya sauke Alƙur'ani akan yi wa allonsa zayyana, a ɗinka masa riga, a yanka rago, a zaga da shi gidajen dangi kowa ya sa masa albarka. Malaminsa ma ba a manta da shi. Wanda ya yi zurfi akan kira shi alaramma, wanda ya ƙware har ba a kama shi da kure a ce masa gwani, ba kuwa wanda ya taɓa sayen sunan gwani da kuɗi, sai malamai sun gwada mutum sun yarda. Har yanzu al'adar tana da rai. Tun shekarar 1986 Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, take shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, kowa ya ga yadda gwamnoni da attajirai suke yi wa zakarun sha tara ta arziki. Wannan daidai ne, Allah ya ƙara. Abin da muke tambaya shi ne, mutanen da suka iya wannan, me ya hana su tuna da yaron da ya zama zakara a ilmin likita, ko lissafi, ko aikin gona?

Mu tuna kuma yadda muka sami jami'ar nan. An kafa Kwalejin Katsina a shekarar 1921 don horon malamai, daga cikinta Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Kwalejin Jami'a ta Badun sai a 1948 aka buɗe ta, tana ƙarƙashin Jami'ar London, 'yan Arewa da suka shiga cikinta a farkon lamari ana iya ƙirga su da yatsu. Sai ran 4 ga Oktoba 1962 Arewa ta sami tata a Zariya. A wannan shekara jami'o'in Nijeriya duka biyar ne, watau Badun, da Nsuka, da Ife, da Ikko, da Zariya. A zamanin nan in yaro ya yi fice ba a barinsa ya yi ta yawo. Ku dubi Farfesa Iya Abubakar, mutumin ƙasar Adamawa. Ya sami daraja ta ɗaya a lissafi a Badun, ya wuce Kambirij ta Ingila ya yi digirin dakta, ya dawo ya koyar a Zariya, har ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Ƙasa ta ci riba ne don an gane shi da wuri, an kuma buɗe masa hanya.

Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, na Gwamnatin Tarayya da na jihohi da na masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba izni a 1999. Yawan abin farin ciki ne, amma ya zo da haɗari biyu.

Na farko shi ne arahar digirin girmamawa. Asalinsa abu ne mai kyau, don akwai mutanen da suka yi wa jama'a aiki mai yawa ba su taɓa zama a aji na jami'a ba, ya kuwa dace a gode musu. Amma da aka fara duban aljihu da kujera maimakon aiki, sai abin ya zube, har mutum ya kwana ba shi da komai ya tashi ana ce masa dakta. Shugabannin jami'o'i da kansu sun ga haka. A taron da suka yi a Keffi a shekarar 2012 sun yi yarjejeniya cewa kada a ƙara ba mai riƙe da muƙamin Gwamnati irin wannan digiri sai bayan ya sauka. Shawara ce ta hankali, abin da ya rage a riƙe ta da gaske, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuma ta sa ido.

Haɗari na biyu ya fi na farko muni, watau ita kanta daraja ta ɗaya ta yi araha. In jami'a ta shiga raba ta don ta jawo iyaye masu biyan kuɗi, ko malami ya ba da maki don sanayya ko don wani abin da ba ya faɗuwa, an cuci yaron da ya sha wuya ya samu ta halal, gama masu ɗaukar ma'aikata za su daina amincewa da takardar kowa. Maganinsa tsohon magani ne. A riƙa kawo malami daga wata jami'a ya duba tambayoyi da amsoshin 'yan ajin ƙarshe, a ba shi lokaci isasshe, a kuma yi aiki da rahotonsa. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai mun san cewa ba a ba mu takardar shaida ba sai da mai duba ya zauna a bayan aji ya ga yadda muke koyarwa. Yabon da ba a gwada ba, bambaɗanci ne.

Mun san akwai masu cewa yawan yabo yana kumbura kan yaro, yana kuma karya zuciyar sauran. Wasu kuma su ce sun ga mai daraja ta uku ya fi mai ta ɗaya iya aiki. Ba mu musa ba, akan sami haka. Ba kuma muna cewa a raina kowa ba ne, duk wanda ya gama jami'a ya yi ƙoƙari. Amma kowane malamin firamare ya san abin da kan faru ranar da aka karanta sakamako a gaban makaranta aka ba na ɗaya littafi da fensir. Na biyu da na uku ba su kan yi zuciya su bar karatu ba, sai su ɗaura ɗamara. Girman kai kuwa tarbiyya ce maganinsa, ba a magance shi da tauye wa mutum hakkinsa. Sai dai muna roƙon jami'o'i su faɗaɗa kyaututtukan. A tuna da makaho ko gurgu wanda ya gama duk da lalurarsa, da matar aure mai goyo, da wanda bincikensa na ajin ƙarshe ya amfani manoma ko masu sana'a.

To, wace irin girmamawa muke nema? Ba ta tafi da hoto kaɗai ba. Takarda ba ta ciyar da kowa, abin kunya ne a ga wanda ya fi ɗaruruwa ƙoƙari ya gama bautar ƙasa ya shekara uku yana zaga ofisoshi da fayil a hammata. Gwamnati ta taɓa nuna hanya. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fito da wani shiri na aika masu daraja ta ɗaya manyan jami'o'in duniya, Jihar Kano kuma tsakanin 2011 da 2015 ta aika ɗaruruwan matasa ƙasashen waje su ƙaro ilmi. Abin da ya kamata shi ne irin wannan ya zama doka tsayayya mai kuɗinta a cikin kasafi, kada ya dogara ga wanda yake kan kujera. Kowace jami'a kuma ta riƙa riƙe zaƙaƙuran yaranta su zama ƙananan malamai, ta biya musu karatun gaba. In ba haka ba wasu ƙasashe za su kwashe su, mu da muka yi shuka mu tashi a tutar babu.

Akwai kuma abin da ba sai an jira Abuja ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ilmi da akawuna. Ba wuya a buɗe littafi guda a riƙa rubuta sunayen 'ya'yan ƙasar da suke jami'a, da abin da suke karantawa, da darajar da suka fito da ita. In yaro ya yi fice, shugaban hukuma ya rubuta masa takardar murna, hakimi ya kira shi da mahaifansa gaban jama'a ya sa musu albarka. Hedimasta ya gayyace shi tsohuwar makarantarsa ya tsaya gaban yara, su ga cewa wanda ya zauna a kan bencin nan nasu ne ya kai haka. Muna ƙara jaddada wannan game da 'yan mata, don uban da ya ga an girmama 'yar maƙwabcinsa zai yi tunani kafin ya cire tasa daga aji. A ranar kuma a kira malamin da ya koya masa a aji ɗaya a zaunar da shi a gaba. Shi ne ya aza harsashi, sau da yawa kuwa ko labari ba ya ji.

Ku kuma ɗalibai da Allah ya ba wannan baiwa, ku sani bashi ne kuka ci. Da harajin talakawa aka gina azuzuwan da kuka zauna, da yawa daga cikin masu biyan kuwa 'ya'yansu ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba. Ku biya su da aiki na gaskiya da tawali'u, kada ku ƙyamaci aikin koyarwa, don ta nan ne za a sami masu gadonku.

Muna fata in an sake gayyatarmu biki baɗi za mu ga an fara kiran ɗalibai tun jama'a suna zaune, an kuma ba iyayensu kujera a inuwa. Yabon gwani ya zama dole. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.