Ra'ayinmu: Kwamfutar Mac da Wasanni, Ƙarfi Akwai, Amana Ce Babu

Mai yiwuwa ne waɗansu daga cikin masu karatunmu su yi mamakin ganin mun keɓe shafin ra'ayin mujallar nan ga zancen wasa, alhali kuwa ga manyan al'amura jibge a gaban ɗalibai. To, sai su yi mana uzuri. Wasan dai wasa ne, amma kuɗin da a ke sayensa da su ba na wasa ba ne. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana tari, ko ƙaramin ma'aikacin da ya shiga adashi domin ya mallaki kwamfuta guda ɗaya tak, wadda zai yi aiki da ita da rana ya kuma huta da ita da dare, ya cancanci a faɗa masa gaskiyar abin da zai saya. Shi ya sa mu ka ga ya dace mu dubi halin da wasannin bidiyo su ke ciki a kan kwamfutocin tebur na kamfanin Apple na ƙasar Amurka, watau iMac da Mac mini da Mac Studio.

Ba mu musun cewa waɗannan na'urori sun amsa sunansu. Tun daga watan Nuwamba na 2020, sa'ad da kamfanin ya fara sa musu ƙwaƙwalwa ƙirar gidansa mai suna M1, sun zama masu sauri, marasa ƙara, marasa shan wuta. Wannan na ƙarshe kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ke lallaɓa batir da hasken rana. Amma duk da haka, ƙididdigar da kasuwar wasanni ta Steam ta ke fitarwa kowane wata ta nuna cewa a 'yan shekarun nan masu Mac wajen kashi 2 ne kacal cikin 100 na masu hulɗa da ita. A cikin 2023 ma har masu amfani da Linux, babbar manhajar da a ke rabawa kyauta, sun sha gabansu. Ruwa ba ya tsami banza. Mu a ganinmu ba ƙarfi ne ya gaza ba. Abin da ya gaza shi ne yarda, domin kamfanin ya saba wa masu ƙera wasanni da masu sayensu da halin da ba ya barin a saki jiki da shi.

Abin takaicin shi ne, ba haka a ka faro ba. Kwamfutar Apple II ta 1977 gidan wasanni ce sosai, a kanta ne ma Prince of Persia ya fara fitowa a 1989. Myst, wanda ya yi kasuwar da ta ba duniya mamaki, a kan Macintosh ya fara bayyana a 1993. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bungie ya fitar da Marathon domin masu Mac a 1994, kuma a 1999 Steve Jobs da kansa ya tsaya gaban taron Macworld a birnin New York ya gabatar da sabon wasan da Bungie ke shiryawa, mai suna Halo. Shekara na zagayowa Microsoft ya saye Bungie ɗungurungum. Halo ya fito a 2001 a matsayin jagoran akwatin wasa na Xbox, masu Mac kuwa ba su gan shi ba sai ƙarshen 2003, bayan an cinye kasuwa an watse.

Wannan dai za a iya cewa rashin sa'a ne ko sakaci. Abin da ya biyo baya kuwa zaɓi ne da gangan. A dubi sau nawa kamfanin ya canza harsashin gininsa. A 1994 ya koma ƙwaƙwalwar PowerPC. A 2001 ya kawo sabuwar babbar manhaja, Mac OS X. A 2006 ya koma Intel, ya ajiye wani tafinta mai suna Rosetta domin tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki, sa'an nan a 2011 ya sallami tafintan, duk wasan da ya dogara da shi ya mutu nan take. A 2019 babbar manhajar Catalina ta ƙi karɓar duk abin da a ka gina bisa tsarin bit 32. A 2020 a ka sake ƙaura daga Intel. Kowace ƙaura tana da hujjarta a wajen injiniyoyi, kuma gaskiya ne an yi gargaɗi kafin zuwan Catalina. Amma gargaɗin ga wa ya yi amfani? Kamfanin da ke sayar da manhajar ofis yana da dalilin sabunta ta kullum, don kullum a na biyansa. Wasa kuwa kamar littafi ya ke: a gama shi, a sayar, ma'aikatan su watse zuwa wani aikin, wani lokaci ma kamfanin ya rufe. Babu mai dawowa bayan shekara tara ya sake gina shi kyauta. Saboda haka wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai saye. Half-Life 2 da Portal da Left 4 Dead 2, waɗanda kamfanin Valve ya kawo wa masu Mac a 2010 lokacin da ya buɗe musu Steam, duk sun daina buɗewa a kan Catalina. Shi wannan Half-Life 2 ɗin, wanda ya fito tun 2004, yana nan yana aiki a kan Windows 11. Mutum biyu sun biya kuɗi ɗaya, ɗaya yana riƙe da kayansa, ɗaya kuwa sai dai ya dubi sunan wasan a jerin abin da ya mallaka.

Sai kuma maganar harshe. Kowane wasa yana bukatar hanyar da zai yi magana da sashen da ke zana hoto a cikin kwamfuta. A kan Windows akwai DirectX. Akwai kuma hanyar gama-gari ta dā mai suna OpenGL, da magajiyarta Vulkan da ta fito a 2016. Apple ya bar OpenGL ta tsufa a hannunsa, ya sanar a 2018 cewa ya juya mata baya, bai karɓi Vulkan ba, ya ce kowa ya koyi nasa harshen mai suna Metal, wanda ya iso Mac a 2015. Ba mu ce Metal ba ta da kyau ba. Amma a sa kai a matsayin mai kamfanin wasa da ke lissafi: zai ɗauki ma'aikata na musamman, ya sake gwada kome daga farko, ya ci gaba da gyara duk sa'ad da a ka canza tsari, duk domin mutum biyu cikin ɗari. Ba a bukatar digiri a ilmin tattalin arziki kafin a san amsarsa. Masu Rocket League sun janye daga Mac a watan Maris na 2020. Fortnite ya daina samun sabuntawa a kan Mac a wannan shekarar, sakamakon rigimar Epic Games da Apple. Da Counter-Strike 2 ya maye gurbin wanda ya gabace shi a 2023, Valve ya bar masu Mac a baya, ya ce su da masu waɗansu tsofaffin na'urori, in an haɗa su duka, ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan wasan ba.

A zamanin Intel akwai ƙofar baya. Da manhajar Boot Camp mutum na iya ɗora Windows a kan iMac ɗinsa ya yi wasan da ya ga dama, wanda ya ke abin dariya ne in an lura, a ce hanya mafi kyau ta yin wasa a kan Mac ita ce a fitar da Mac ɗin daga cikinta. Zuwan M1 ya toshe wannan ƙofa. Ya kuma toshe wata: kwamfutar tebur ta gargajiya a kan buɗe ta a canza katin hoto in ya tsufa, a ƙara mata ma'adanar aiki. A sababbin Mac duk an haɗe su wuri guda tun daga masana'anta. Har Mac Pro ta 2023, wadda farashinta ya fara daga dala 6,999, tana da ramukan sa kati amma ba ta karɓar katin hoto.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa tun daga 2022 kamfanin ya shiga zawarcin masu ƙera wasanni da gaske. Resident Evil Village ya zo a watan Oktoba na 2022. A taron kamfanin na 2023 an gayyato shahararren mai tsara wasannin nan na Japan, Hideo Kojima, ya yi albishirin zuwan Death Stranding, an kuma fito da kayan aikin da ke sauƙaƙa ɗauko wasan Windows zuwa Mac. Baldur's Gate 3 ya iso a 2023 ɗin, makonni kaɗan bayan na Windows. Assassin's Creed Shadows ya fito a kan Mac rana ɗaya da sauran na'urori a watan Maris na 2025, Cyberpunk 2077 ya biyo baya a watan Yuli. Mac mini ta 2024, wadda ta fito a kan dala 599, tana ɗaukar wasannin da iMac mai ninkin kuɗinta ba ta iya ɗauka a shekarun baya. Mun yaba. Sai dai a dubi shekarun. Cyberpunk ya fito tun Disamban 2020, watau sai da ya haura shekara huɗu da rabi kafin ya iso. Death Stranding na 2019 ne, ya zo a 2024. Baƙon da a ka gayyata walima bayan an kwashe kwanuka ba ya cika baki da cewa an karrama shi.

Kuma waɗanne wasanni ne samarinmu su ke yi? Duk wanda ya taɓa leƙa gidan wasa a unguwa ya san ƙwallon ƙafa ce sarauniya. To, EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA a 2023, ba a yi shi domin Mac ba. Haka eFootball. Haka Grand Theft Auto V da Valorant. Mai son Football Manager ko The Sims 4 ko Minecraft ko Civilization zai samu biyan bukata, ba shakka. Akwai kuma masu cewa a yi wasa ta intanet daga manyan kwamfutocin da ke wata ƙasa. Wanda ya ke sayen data da awo ya san wannan shawara ba da shi a ke ba.

Inda mu ka fi ganin halin kamfanin a fili shi ne in an gwada shi da Valve. Valve ma ya fuskanci matsala iri ɗaya a kan Linux: wasanni na Windows ne, masu su ba su da niyyar sake gina su. Sai ya fitar da tafinta mai suna Proton a 2018, ya danƙa shi a hannun mai wasa kai tsaye, kyauta. Da Steam Deck ta fito a 2022, dubban wasannin Windows su ka buɗe a kanta ba tare da masu su sun yi wani babban aiki ba. Kayan aikin da Apple ya fitar a 2023 daga tushe ɗaya su ke da Proton, watau aikin sa-kai na Wine. Amma Apple ya ce nasa na masu ƙera wasa ne, su gwada su gani, sa'an nan su zo su yi ginin da Metal. Ke nan maganin yana cikin gida, an dai ƙi ba majiyyaci. Mai son ya sha sai ya sayi manhajar CrossOver daga wani kamfani dabam, ko ya kwana yana bin dabarun 'yan sa-kai.

Me ya kawo haka? Ba ƙiyayyar wasa ba ce. Hukuncin kotun da ta saurari shari'ar Epic Games da Apple a 2021 ya nuna cewa wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin da kantin manhajoji na App Store ke samu daga wasanni ya ke fitowa. A kan iPhone kuwa, a lokacin, ƙofa ɗaya ce, kamfanin yana zaune a bakinta yana karɓar la'adar da ta kai kashi 30. A kan Mac mutum na iya sayen wasa a Steam ba tare da ko anini ya shiga aljihun Apple ba. Mu dai fahimtarmu ita ce, wasan da kamfanin ya ke so shi ne wanda zai bi ta ƙofarsa, ya yi magana da harshensa. Wannan haƙƙinsa ne na ɗan kasuwa. Mu ma haƙƙinmu ne mu gane cinikin da a ke yi da mu.

Saboda haka muna jan kunnen 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata game da tsofaffin iMac masu ƙwaƙwalwar Intel da a ke shigowa da su na hannu, masu kyan fuska da sauƙin kuɗi. A 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce babbar manhaja ta ƙarshe da za ta hau Mac mai Intel, kuma ko ita ɗin 'yan ƙalilan ne daga cikinsu su ka samu shiga. Wanda aikinsa tace bidiyo ne ko haɗa sauti ko zane, wasa kuwa na ɗan lokaci ne, sabuwar Mac mini za ta yi masa. Wanda wasa ne rabin dalilinsa na sayen kwamfuta, ya rubuta sunayen wasanni biyar da ya fi so, ya duba ɗaya bayan ɗaya ko an yi su domin Mac kafin ya zare kuɗi, kada ya dogara da bakin mai shago.

A wannan taro na 2025 ne kuma a ka sanar cewa Rosetta 2, tafintan da ke riƙe da wasannin zamanin Intel a kan sababbin na'urori, zai ci gaba da cikakken aiki ne zuwa macOS 27 kawai, daga nan sai a bar wani yanki nasa domin tsofaffin wasannin da masu su su ka daina kulawa da su. Wannan togaciya ta nuna an ji kukan 2019, ko da kaɗan ne. Abin da mu ke nema bai wuce kamfanin ya rubuta, baƙi bisa fari, shekara nawa wasan da a ka saya yau zai ci gaba da buɗewa a kan Mac ba, ya kuma bar mai kwamfuta ya kunna tafintan wasannin Windows da kansa, kamar yadda mai Steam Deck ya ke yi tun 2022.