Kallon roka daga cikin ganuwar Zariya



Ranar 27 ga Satumba, 2003, aka harba tauraron ɗan adam na farko mallakar Najeriya, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a arewacin Rasha. Ku tambayi yayyenku ko iyayenku a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan wa ya kalli tashinsa. Galibi a rediyo suka ji, bayan an gama komai. Haka aka yi a 2007 da aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, wanda ya lalace a 2008, da kuma 2011 da aka harba madadinsa. Kayanmu ne, da kuɗinmu aka yi, amma galibinmu labari kawai muka samu.

Yau ɗalibin da ke da aron wayar babarsa da ɗan data zai iya kallon tashin roka a daidai lokacin da injiniyoyin da suka ƙera ta suke kallo. Hukumar NASA ta Amurka tana nuna nata kai tsaye a YouTube, haka ma hukumomin Turai da Indiya. Ranar 23 ga Agusta, 2023, da kumbon Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka a duniyar wata, mutum fiye da miliyan 8 ne suke kallo lokaci guda a YouTube kaɗai.

Mu a ganinmu, daɗin abin yana wajen abokan kallo. A gefen hoton akwai wurin hira, kuma a nan za ka ga wani daga Barazil ya tambayi me ya sa aka tsayar da ƙirge saura minti kaɗan, wani tsohon makaniken jirgi ya ba shi amsa, wani kuma ya gyara wa mai amsar. A kudancin jihar Texas, inda kamfanin SpaceX ke gwajin babbar rokarsa Starship, akwai masu sha'awa da suka kafa kyamarori suna haska wurin dare da rana. Akwai kuma masanin taurari Jonathan McDowell, wanda tun 1989 yake rubuta bayanin abin da aka harba sama, kowa ya karanta kyauta. Mai tambaya ba ya ɓata, in dai ya san wanda yake tambaya.

Sai dai a shirya haƙuri. An ɗage harba Artemis I har sau biyu ana dab da tashi, a Agusta da Satumban 2022, kafin ta tashi ranar 16 ga Nuwamba. A Florida ƙarfe 1:47 na dare ne, a nan kuwa 7:47 na safe, lokacin da yawancinku kuna tsaye a layin asambuli. Wannan lissafin lokaci shi ne darasi na farko. Ana yawan rubuta lokacin harbawa da agogon UTC. Ku ƙara awa ɗaya, kun sami agogon Zariya.

Idan kuna kallon Falcon 9, ku bar kallon wutar, ku sa ido kan lambobin da ke ƙasan hoton, na gudu da na tsawo. Bayan kamar minti biyu da rabi gindin rokar zai rabu da kanta, ya juyo, ya sauka a tsaye wajen minti na takwas ko tara. Kan kuma zai ci gaba har gudunsa ya kai kusan kilomita 28,000 a awa. Ku raba da 3,600, za ku sami kusan kilomita 8 a daƙiƙa, wato Zariya zuwa Kaduna cikin daƙiƙa 10. Za ku kuma lura rokar ba ta miƙewa sama sak, kwanciya take yi, galibi ta nufi gabas. Dalili shi ne duniya gabas take juyawa, kuma a kusa da tsakiyarta juyin ya fi sauri, sai rokar ta sami turi kyauta. Shi ya sa Turawa suke harba nasu daga Kourou a Kudancin Amurka. Mu nan Zariya, a digiri 11 arewa, ƙasa tana tafiya da mu fiye da kilomita 1,600 a awa muna zaune muna shan koko.

Akwai 'yan damfara a wannan kasuwa. Duk ranar babbar harbawa sai tashoshin bogi sun bayyana a YouTube da suna da tambarin SpaceX, suna nuna tsohon bidiyo, suna cewa a tura kuɗin kirifto a ninka. Ƙarya ce. Kuma kallon kai tsaye yana cin data kamar gara. Ku rage ingancin hoton, ku shiga saura minti 10, ku haɗu ku huɗu ko biyar a kan waya ɗaya, da sanin iyaye.

Abin da ya fi burge mu kuwa ba ya buƙatar data mai yawa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya kusan sau 16 a rana, a tsawon kilomita 400, da mutane a cikinta, kuma tana bi ta saman Zariya. Shafin Heavens-Above ko manhajar Spot the Station za su faɗa muku rana da minti da kusurwar da za ta ɓullo. Bayan magariba ko kafin asuba ake ganinta, lokacin da mu muna cikin duhu ita kuma rana tana haska ta. Haske ne fari, wani lokaci ya yi kusa da na Zara, ba ya ƙiftawa. Mu 'yan Zariya mun saba da jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, don haka bambancewa ba za ta yi wuya ba: jirgi yana da fitila mai ƙiftawa da ƙara, ita kuwa shiru take wucewa, cikin 'yan mintoci ta ɓace. Ta wannan tasha aka saki Nigeria EduSat-1 a 2017, ƙaramin tauraron da Jami'ar Fasaha ta Akure ta yi da haɗin gwiwar wata jami'a a Japan.

Wani dare kuma za ku iya ganin fitilu a jere kamar ayarin raƙuma suna ratsa sama. Taurarin Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba, kafin su warwatsu. Idan an fara yaɗa a WhatsApp cewa wata alama ce, ku duba jadawalin harbawa na makon, ku nuna wa mutanen gida.

Hazon hunturu yana rufe sama, don haka ƙarshen damina ya fi, musamman daren da aka ɗauke wuta a unguwa. Duk wanda ya ga tashar, ya rubuto mana rana da lokaci da unguwar da ya tsaya, za mu buga. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.