Muna Maraba da Baki

Ƴan uwana samari da ƴan mata, akwai wata ƙarya da muka daɗe muna yi wa kanmu a lokacin biki, har ta soma kama da gaskiya. Wai bikin yanzu ya fi na iyayenmu nuna ko su wane ne ango da amarya, tunda ga sunansu a jikin komai. Suna a bokiti, suna a mahuci, a kalanda, a kaye, a bik, har a ledar da aka ƙulla cincin. Daga Magarya zuwa Bande, daga Washa zuwa Dungas da Dogo-Dogo, in aka yi aure ba a raba wannan kado ba, sai ka ji ana cewa bikin bai yi armashi ba. In an raba kuma, sai uwar biki ta ce: "Namu na musamman ne, mu muka sa aka yi mana."

To, mu gwada. Ku shiga gidaje goma a unguwarku, ku tattaro bokitan biki goma, ku ɓare takardar da aka manna musu. Me ya rage? Roba iri ɗaya, launi uku ko huɗu, marfi iri ɗaya. Ku dubi takardun da kuka ɓare: zuciya biyu, zobe biyu, da wani fure da ba ya tsirowa ko'ina a ƙasar Damagaram. Mai bugawa yana da zanensa a ajiye cikin kwamfuta, suna da kwanan wata kawai yake canzawa. Robar kuwa ko dai ta fito daga masana'antun Kano, ko ta taso tun daga ƙasar Sin, ta bi ta Babura da Tinkim ta shigo Magarya, ko mutanen Dungas su ɗauko ta daga Maigatari ranar Alhamis. Abin da aka yi dubu-dubu don kowa da kowa, shi muke kira namu mu kaɗai. Ni ban san wani biki da ya fi wannan zama na kowa ba.

Da yake harshe nake karanta a jami'a, abin da ya fi ci mini rai shi ne rubutun da ke jikin takardar. Mafi yawa da Ingilishi ne, wannan "Happy Married Life" da ba ta tsufa. A ina? A garin da aka yi lakwal da Faransanci, aka yi makarantar allo da Larabci, ake rayuwa da Hausa. Kakar amarya ba ta karanta shi, ango da ya yi lise ma da ƙyar. Addu'ar da babu mai ji balle ya ce amin, wa aka yi wa ita?

In an yi sa'a an rubuta da Hausa, nan ma sai ka riƙe baki. Ƙugiyar haruffa ta ɓace gaba ɗaya. Kati ya ce ana gayyatarka "daurin aure". Dauri dai, kowace uwa ta sani, shi ne jiƙon da ake ɗura wa jariri. Abin da limami ke yi sunansa ɗauri, da ɗ mai ƙugiya. Na ga kyalle a ƙofar wani gidan biki, da manyan haruffa: "Muna maraba da baki." Baƙi suke nufi, amma abin da suka rubuta shi ne wurin da tuwo ke shiga. (Wataƙila dai nan ne kaɗai takardar biki ta taɓa faɗin gaskiya.) Sai sunaye: ango ya saba rubuta Chaïbou kamar yadda yake a takardar haihuwarsa, mai bugawa a ƙetaren iyaka bai taɓa ganin wannan ba, sai ya gyara masa yadda ya ga dama, sunan ya fito ba na Faransa ba, ba na Hausa ba. An biya kuɗi don suna ya fito, sunan ma bai fito daidai ba.

Kada wani ya ce mini na'ura ce ba ta da haruffan. Tun shekarun 1930 ake buga ɓ da ɗ da ƙ a Zariya. Nan Nijar, tun 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, da ƴ ɗinmu a ciki. A watan Maris na 2025 kundin da aka ƙaddamar a Yamai ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Wayar da ke aljihunka tana da haruffan nan in ka nema. Abin da babu shi ne wanda ya damu ya duba kafin a buga guda ɗari biyar.

Akwai kuma abin da malamanmu ya kamata su riga ni faɗa. Muna sa a buga ayar Alƙur'ani a katin gayyata da jikin mahuci, don albarka. Washegarin biki ku je ku dubi inda aka kafa rumfa, ku ga inda katunan suke. Ƙasa, cikin ɓawon rake da leda, awaki na bi ta kai. Hoton amarya ma haka. Yarinyar da aka lulluɓe, aka hana kowa ganin fuskarta sai an sayi baki, ga fuskarta nan a gindin bokitin da za a kai makewayi.

Mu koma kan kalma ɗaya: lefe. Yau in an ce lefe, akwatuna ke zo mana a rai, jeri guda, babba da ƙanana, abin da mu a nan muka fi kira baliz. Amma ku tambayi tsofaffi, ko ku buɗe tsohon ƙamus. Lefe kwando ne da ake saƙawa da kaba. A cikinsa ake zuba tufafin da za a kai wa amarya, har sunan mazubin ya koma sunan kayan. Kwandon ya tafi, sunansa ya tsaya. Mu masu nazarin harshe muna jin daɗin irin wannan misali a aji, mushe ya rubuta a allo, mu kwafe. Amma bayan kowace irin wannan kalma akwai mutum mai sana'a da aka daina zuwa ƙofarsa. Ku gwada ƙannenku da adudu, da ragaya, da masaki, da akushi, da gyartai. Nawa za su gane? Wanda bai san ragaya ba, ba zai san ana rataye ƙwarya don kada kaji da yara su kai gare ta ba. Wanda bai san gyartai ba, bai san akwai lokacin da abu ke fashewa a ɗinke shi ba.

Ga abin da nake so mu lura da shi. Kayan jeren amarya na da, ba a rubuta suna a jikinsu, amma duk da sunansu. Tun ana sa rana, goggo ta ɗauki faya-fayai, inna ta ɗauki tabarmi, kaka ta aika a nemo mata ƙore masu kyau a kai wa mai zane. A yanko kaba, a shanya, a tsaga, a rina da karan dafi ko galura, a zauna da hantsi da bayan la'asar ana saƙa ana hira, wata biyu, wata uku. Ranar jere, matan unguwa na shigowa ɗakin suna karantawa kamar takarda: wannan hannun wance ne, ita ke matse baki haka, wancan na matar kawu ne, ba ta rabo da ja. A gidanmu akwai faifai guda da ƙanwar kakata ta saƙa wa innata. Ta rasu ban san ta ba. Gefensa ya soma ci, amma har yau in an ce "miƙo na goggo" kowa ya san wanda ake nufi, ba a taɓa ɗauko wani ba. Bokitan biki kuwa, mun tara sun fi ashirin, takardun sun wanke tun daminar farko, babu mai iya cewa wannan na auren wa ne.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a ɗakin kwanan ɗalibai. Za a ce ina yi wa zamanin da kwalliyar da ba shi da ita. Gaskiya ne gasar kayan ɗaki ba yau ta fara ba. Kafin roba an yi gasar kwalla da langa, a jera su har rufin ɗaki, ba a ci a ciki ba a sha a ciki, kuma ƴan mata da yawa talla ta cinye musu ƙuruciya don a tara su. Wannan ba abin kewa ba ne, kuma ba shi nake kira a dawo da shi ba. Hasali ma bokiti mai hoto jikan kwalla ne: abin kanti da ake tarawa don idon mutane. Za a ce ƴan matan yanzu suna lakwal, ina suka ga lokacin saƙa? Madalla, su zauna a lakwal ɗin, Allah ya sa su fi mu nisa. Ai ba amarya ke saƙa kayanta ba ko a da. Masaƙan suna nan, ranar kasuwa ku duba layin ƴan tabarmi da faya-fayai, ku ga matan da suka taso daga ƙauyuka tun asuba da kaya a ka. Za a ce roba ta fi ƙarko, ta fi sauƙin wanki. Na yarda, ni ma da bokitin roba nake wanka. Ban yi faɗa da bokiti ba. A saya a ɗebi ruwa. Faɗana da wanda ya manna masa takarda ya ce ya yi mini kyautar da babu irinta.

Amsar gaskiya, wadda ba a cika faɗa a fili ba, kalma ɗaya ce: ƙauyanci. Tsoro muke a ce mun yi bikin ƙauye. Mu da kanmu, ƴaƴan Magarya da Dungas, da gero da gyaɗa da raken fadama suka biya mana kuɗin karatu. Kuma ku ga abin dariya. A Kano, inda muke kwaikwayo, ƴan birni sun ƙirƙiro wata rana cikin biki da suke kira ranar ƙauyawa: a ɗauro zani a ƙirji, a yi ɗige-ɗigen kwalli a fuska, a yi hayar ƙwarya da faifai da tabarma, a yi hoto, a mayar wa mai haya. Wato kayan innarmu sun isa a yi wasa da su na yini guda, ba su isa a ba baƙo ya tafi da su gida ba. In ba mu yi hankali ba, wannan ma za ta bi ta Babura ta iso mu, mu riƙa shigar ƙauyawa a cikin ƙauyenmu. A Yamai kuwa, lokacin bajekolin SAFEM na sana'o'in mata, irin faifan nan ne matan manya da baƙin ƙetare ke saye da tsada su rataye a falo.

Abin da ke tabbatar mini cewa matsalar ba ta lokaci ba ce, ba kuma ta kuɗi ba, shi ne abubuwan da har yau ba mu yarda da na kanti a kansu ba. Wace uwar amarya ce za ta kai turaren wuta na leda? Sai ta nemi wadda ta iya haɗi, ko da a Damagaram take, ta ba ta wata guda. Humra haka. Ƙunshi haka, kowace amarya ta san mai lallen da take so, kuma ta san zanen da ba ta so a yi wa wata irinsa. Alkaki da nakiya na gara, a gida ake tara mata a yi, kuma dangin ango suna gane hannun da ya iya. A nan duk mun san darajar hannu, muna biya ba gardama. Me ya sa da an zo kan kaba da ƙwarya da yumɓu sai hannun ya zama abin kunya? Tukwanen Miriya ba su da nisa da mu. Dukawan Damagaram sun yi suna tun zamanin ayari.

Mu ne masu auren shekaru biyar masu zuwa, mu ne abokan ango da ƙawayen amarya, kuma mu ake turawa wurin mai bugawa saboda an ce mun yi boko. To mu yi amfani da bokon. In za a buga kati, a rubuta shi da harshen da kakar amarya za ta ji, da kalmomin gidan, mutum ya zauna ya sa kowace ƙugiya a wurinta, a bar aya a cikin Littafi. Wanda ke da ɗan uwa mai kyan hannu a makarantar allo, ya sa ya rubuta gayyatar da ajami, ya yi mata zayyana, a yi fotokopi kamar yadda muka yi wa wannan ɗan littafi. Ban taɓa ganin wanda ya yar da irin wannan a ƙasa ba. In kuma sai an raba wani abu, ba dole ne kowa da ya leƙo rumfa ya samu ba. A ce jikka hamsin aka ware wa bokiti da sitika. Kuɗin nan, in aka kai su ga mata biyar masu saƙa, za a samu mahutai da faya-fayan da za su ishi iyaye da ƴan uwa na kusa, kuma kuɗin ba su ƙetara iyaka ba, gero za su koma da kuɗin magani a gidajen da muka sani.

Sai dai fa akwai sharaɗi biyu, kuma a nan ne za a gane mai yi da gaske. Na farko lokaci. Mai bugawa kwana uku ya ishe shi, masaƙiya sai an je mata tun ana sa rana, gara ma bayan an gama aikin gona, lokacin da hannunta ya huta. Na biyu ciniki. Na tsaya na ga ɗalibi ɗan uwanmu ya biya mai sitika abin da ya faɗa, ko tayi bai yi ba, don shagon na da gilashi da fanka. Shi ɗin dai na gan shi a kasuwa ya durƙusa gaban tsohuwa sa'ar kakarsa, ta ce faifai dala ɗari, yana cewa: "Haba inna, kaba ce fa, a daji ake yankowa. Ki bar mini sittin." Kwana nawa ta yi tana saƙa shi, bai tambaya ba. Ta bar masa a saba'in, don la'asar ta yi kuma ƙauyensu da nisa.