Himofiliya: An samu sababbin magunguna, to gwiwar da ta riga ta lalace fa?

Idan akwai mai himofiliya a gidanku, wato cutar rashin daskarewar jini da ake gadonta, wataƙila kun ji labarin sababbin magungunanta. Tun 2017 Amurka ta amince da allurar Hemlibra ga masu himofiliya A, ana yin ta a ƙarƙashin fata. A 2022 kuma ta amince da Hemgenix ga masu nau'in B, kuɗinsa dala miliyan 3.5. Abin farin ciki ne, sai dai dukansu rage zubar jini suke yi. Babu wanda zai dawo da gaɓar da ta riga ta lalace.

Duk lokacin da jini ya zuba cikin gwiwa, gwiwar hannu ko idon sawu, tantanin da ke lulluɓe cikin gaɓar yakan kumbura ya yi kauri, ya ƙara saurin zubar da jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin jinin kuma yana ta cin guringuntsi. Shi ya sa za ku ga saurayi ɗan shekara 20 da gwiwar tsoho. A wurarenmu, kafin a gano cutar sau da yawa an riga an kai yaron wurin mai ɗori ya murza, ko wanzami ya kafa ƙaho, abin ya ƙara ɓaci.

Ana iya yin tiyata? Ƙwarai. Ana kankare tantanin, ana manne idon sawu ya daina motsi, ana kuma sauya gwiwa da ta ƙarfe da roba. Ciwo yakan ragu sosai, amma lanƙwasawa ba lallai ta koma yadda take ba, kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su kama sabuwar gaɓar ya fi na sauran mutane.

A ganinmu, babbar tambayar ita ce ta sinadarin daskarar da jini, fakto 8 ko 9. Kafin babbar tiyatar mai himofiliya A, ana ɗaga fakto 8 zuwa kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari, a ci gaba da ba da shi har kusan mako biyu. Cikin awa 12 rabinsa ya bar jiki, don haka a kwanakin farko sai an maimaita sau biyu ko uku a rana. Ko mai amfani da Hemlibra sai an ƙara masa. A Najeriya kuwa, marasa lafiya da yawa sun dogara ne da tallafin Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, kuma kayan tallafi ba kullum suke isa ba. Sinadarin ya yanke a rana ta huɗu ya fi a fasa aikin muni.

Saboda haka kafin ku sa hannu, ku tambaya: an ajiye adadin da zai kai ƙarshen jinya, har da lokacin gashin ƙashi? An gwada ko jikinsa na ƙera garkuwar da ke kashe sinadarin? Hakan na faruwa ga kusan kashi 30 na masu tsananin nau'in A, kuma yana sauya tsarin gaba ɗaya. Likitan jini na cikin masu aikin, ko likitan ƙashi ne kaɗai? Ɗakin gwaji zai iya auna fakto kowace rana?

Idan amsa ɗaya ta zo da kame-kame, ku nemi a ɗage ranar. Kafin nan, kada ya sha asfirin, kuma kada ya taɓa ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likitansa.