Tsoro Ne, Ba Kunya Ba

Ranar da na fara gabatar da muƙala a wani taron masana harshe, bakina ya bushe, takarda tana ta rawa a hannuna. Batuna shi ne azuzuwan fi'ili guda 7 da Parsons ya tsara a 1960. A sahun gaba kuwa ga shaihunan malamai waɗanda na karanta littattafansu. An ba ni minti 15, na zuba karatu kamar wanda aka biyo, na gama cikin minti 8. Da wani farfesa ya yi mini tambaya sai na yi tsit. Daga baya na ce wa abokaina kunyar manya ce ta hana ni. Gaskiyar magana, tsoro ne.

A ra'ayina, nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Mun tashi an koya mana sunkuyar da kai a gaban na gaba, sai muke fakewa da ladabi. Amma wanda ya zo taro daga nesa ba sunkuyenka ya zo gani ba, bincikenka ya zo ji. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Faɗuwar gaba ba abin kunya ba ce. Sinadarin adiranalin ne ke sa zuciya bugawa da sauri. Ko Gandhi, bayan dawowarsa daga Ingila a 1891, ya miƙe a shari'arsa ta farko a Bombay ya kasa buɗe baki, har ya mayar da kuɗin aikin da aka biya shi.

Abin da ya taimake ni a taro na biyu abu uku ne. Na rage muƙalar ta koma ƙasa da kalmomi 2,000, daidai minti 15. Na karanta ta da ƙarfi a gaban abokan ɗakina, agogo na ajiye. Sannan na koyi cewa, "Ban duba wannan ba, Malam, amma zan bincika." Wannan ma amsa ce.

A ƙarshe, ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta ware rana guda duk wata, kowa ya tsaya ya yi bayani na minti biyar, a yi masa tambayoyi. Gara muryarka ta yi rawa a gaban abokai. Da koyo akan iya.